Amsoshin Tambayoyinku: Albashi da Tsadar Rayuwa

Wani bawan Allah, mai gadin makaranta a garin Yako ta ƙasar Kiru, ya aiko yana tambaya: me ya sa an ƙara albashi, amma cefane ya gagara?

To Malam, tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, kuɗin mota ya hau, taki ya hau, kwanon masara a kasuwar Kwanar Dangora ya bi sahu. Saboda haka sa'ad da aka mai da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 a 2024, sai ya tarar tsada ta riga shi shiga gida. Albashi ya ƙaru, darajar albashi ta ragu. Wajibi ne mahukunta da mawadata su yi adalci, su biya ma'aikaci hakkinsa a kan kari.