Ƙara wa Motar Shiga Daji Ƙarfin Shokazoba da Mazauninta

Da yawa daga cikin masu motocin da ke aiki a bayan gari, irin su Toyota Hilux da Land Cruiser da Land Rover, sun ɗauka cewa shokazoba ce ke ɗauke da nauyin mota. Saboda haka da zarar sun ga bayan motar ya zauna don yawan kaya, sai su aika a nemo musu shokazoba mafi girma a kasuwa. Wannan kuskure ne mai jawo hasarar dukiya, wani lokaci har da ta rayuka. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi. Idan mota ta zauna, sifirin ya gaji ko kuwa kaya sun wuce kima, kuma babu shokazobar da za ta yi maganin wannan.

Aikin shokazoba

Idan taya ta hau tudu, sifirin yakan matse, sa'an nan ya sake buɗewa da ƙarfi. Da za a bar shi haka nan, da sai ya yi ta lilo, motar tana tsalle kamar ɗan maraƙi. Shokazoba ita ce ke kashe wannan lilo. A cikinta akwai mai da fistin mai ƙananan ƙofofi. Duk sa'ad da taya ta motsa sama ko ƙasa, fistin yakan tilasta wa man bi ta waɗannan ƙofofi, ƙarfin tsallen kuwa ya juye ya zama zafi, iska ta kwashe shi.

Amfanin wannan ya wuce jin daɗin fasinja. Tayar da ke tsalle ba ta kama ƙasa, tayar da ba ta kama ƙasa kuwa ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Direban da ke gangarowa daga wani ƙauye na tsaunin Mambila da kaya cike, in shokazobarsa ta mutu, zai taka birki ya ga motar tana zarcewa, alhali kuwa birkin nasa lafiya lau yake.

Zafi shi ne babban abokin gabanta. Mu ɗauki hanyar burji mai gargada. In a ce tsakanin tudu da tudu mita ɗaya ne, mota kuma tana gudun kilomita 60 a awa, to fistin zai hau ya sauka sau 1,000 cikin kowane minti. Idan aka ɗauki awa guda a haka, man yakan yi zafi ya tsinke, ya gauraya da iska ya yi kumfa. Fistin kuwa ba ya samun abin turawa a cikin kumfa. Daga nan sai direba ya ji motar ta fara yawo da shi, ko da yake da safe ta fita daram.

Wadda ta dace a saya

Iri uku ne aka fi samu. Akwai mai bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya, wadda ita ce mafi yawan motoci ke zuwa da ita. Tana da araha, kuma in dutse ya bugi bututun waje ya lotsa, na ciki yakan tsira, sai dai ba ta saurin huce zafi. Akwai mai bututu ɗaya, wadda wani injiniya Bafaranshe, Christian Bourcier de Carbon, ya fito da ita cikin shekarun 1950. A cikin wannan an raba mai da iskar naitirojin da wani fistin na biyu, iskar tana danne man don kada ya yi kumfa, zafi kuma yana fita kai tsaye ta jikin bututun. Rauninta shi ne lotsawa ɗaya ta isa ta maƙale fistin, don haka tana bukatar kariya daga duwatsun da taya ke watsowa. Ta uku ita ce mai ƙaramin tanki a gefe, mai ɗaukar mai da yawa. Tana da tsada ƙwarai, kuma a ganinmu motar da ke kai ma'aikatan lafiya ƙauye ko ɗauko amfanin gona ba ta bukatarta, sai fa in tana doguwar tafiya da gudu a kan gargada kullum.

Kowace aka zaɓa, a sake biyu tare, dama da hagu. Tsohuwa a gefe ɗaya da sabuwa a ɗaya gefen sukan sa mota karkata a kwana.

Tsawo kuwa ya fi kauri muhimmanci, kuma nan ne aka fi yin ganganci. Tsakanin shasi, watau ƙashin bayan mota, da aksul akwai wata guntuwar roba mai kauri wadda aka sa don ta tare aksul idan mota ta faɗa rami. Lalle ne aksul ya riski wannan roba kafin shokazoba ta ƙure. Idan shokazobar ta yi tsawo da yawa, ita ce za ta sha dukan, nauyin motar duka ya sauka a kan mazauninta. Idan kuma ta yi gajarta, duk sa'ad da taya ta rataya a rami sai aksul ya fizge ta. Saboda haka kafin a biya kuɗi, makanike ya auna tazarar da ke tsakanin mazaunin sama da na ƙasa sau biyu, sa'ad da taya ke rataye da kuma sa'ad da aksul ya tokari robar, sa'an nan ya gwada da tsawon shokazobar a buɗe da a matse. Wanda ya ɗaga motarsa da sabon sifirin ya duba har da tiyon birki, kada ya ɗaure idan taya ta sauka. Ya kuma sani cewa motar da aka ɗaga ta fi saurin kifewa.

Mazauni

Shokazoba mai tauri tana tura ƙarfi mai yawa zuwa wurin da aka ɗaure ta. In mazaunin ya ci tsatsa ko ya tsage, sabuwar shokazoba ita ce za ta ƙarasa shi. A wanke laka tukuna a duba da fitila. Siririn layin tsatsa a gefen walda alamar tsaga ce. Ramin kusa da ya tashi daga zagayayye ya koma kamar ƙwai alama ce kusar ta daɗe tana wasa a ciki.

Mazauni mafi aminci shi ne mai kunne biyu, wanda ke riƙe kusar ta kowane gefe, shokazoba tana tsakiya. Mai riƙe ta gefe ɗaya ya fi saurin lanƙwashewa. In za a ƙara masa ƙarfi, a shimfiɗa farantin ƙarfe mai faɗi a gefen shasi don nauyin ya bazu, a zagaye kusurwoyinsa, domin daga kusurwa mai tsini tsaga ke farawa. Kada a ja walda ta ratsa saman shasi ko ƙasansa, nan ne ƙarfen ya fi shan wuya. Kada kuma a sake wa mazaunin wuri don kawai a sami sarari, gama gwargwadon yadda shokazoba ta kwanta, gwargwadon yadda aikinta ke raguwa. Kafin mai walda ya kunna wuta, a cire kan batir, a fid da shokazobar, a kare tankin mai da bututunsa.

Kusa ma ba kowace ba ce. A kan kusar kirki akwai lamba, 8.8 ko 10.9, mai nuna ƙarfinta. A sa irin wadda ta zo da motar ko wadda ta fi ta, marar lamba kuwa a bar ta wa ƙofa da taga. A sake robobin kunnen shokazoba tare da ita, kuma kada a ƙarasa ɗaure noti sai an sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri.

Bayan an gama

Wasu masu ƙera shokazoba sukan ba da shawarar a sake ta bayan kilomita 80,000, amma motar da ke fama da rairayin Yusufari ko taɓon Neja Delta kada ta jira wannan adadi. Bayan tafiyar farko a sake gwada kowane noti. Daga nan kuma, duk sa'ad da aka sauka daga hanya mai gargada, direba ya kai bayan hannunsa kusa da jikin kowace shokazoba, a hankali, don tana iya ƙuna. Mai aiki za a ji ta da ɗumi. Wadda ta yi sanyi alhali 'yan'uwanta suna da zafi, ta mutu. Ɗan danshin mai a jikinta ba laifi ba ne, amma in yana zuba har yana ɗiga, ko kuwa taya ta fara cinyewa rami-rami, lokacin sakewa ya yi.

Tsohuwar shokazoba mai iskar gas tana nan da matsinta ko bayan ta daina aiki. Kada a jefa ta a wuta, kada a bar yara su yi wasa da ita, kada kuma a miƙa wa maƙeri ko ɗan gwangwan ba tare da an gaya masa abin da ke cikinta ba.