Harshe da Amincewa: Matan Latina da Gwajin Maganin Ciwon Daji a Amurka

1.0 Gabatarwa

Aikin harshe bai tsaya ga hira da adabi kawai ba. Akwai wuraren da rashin fahimtar kalma guda kan jawo wa mutum asarar lafiya. Wannan darasi zai duba ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare, wato yadda harshe ke shafar shigar matan Latina cikin gwajin maganin ciwon daji a Amurka.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Matan Latina su ne mata mazauna Amurka waɗanda asalinsu ya fito daga yankin Latin Amurka, kamar Meziko da Kyuba da Fuwato Riko. Da yawa daga cikinsu Sifaniyanci ne harshensu na gida. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna cewa al'ummarsu, maza da mata, ta haura miliyan 62, wato kusan kashi 19 cikin ɗari na mutanen ƙasar.

Gwajin magani kuwa bincike ne da likitoci ke yi a kan mutanen da suka amince, domin tabbatar da amfanin sabon magani da illarsa. A matakinsa na uku akan raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu su sami sabon maganin, wasu kuma wanda aka saba bayarwa.

3.0 Muhimmancin Shigarsu

Sankarar mama ita ce ciwon dajin da ya fi kama matan Latina, kuma ita ta fi kashe su. Haka nan sankarar bakin mahaifa ta fi yawa a cikinsu fiye da fararen matan ƙasar. Bugu da ƙari, halitta ta bambanta: a shekarar 2014 Laura Fejerman da abokan aikinta sun gano wani nau'in ƙwayar gado a jikin wasu matan Latina, wanda ya samo asali daga mutanen farko na nahiyar, yake kuma rage haɗarin kamuwa da sankarar mama. Ke nan, sakamakon gwajin da aka yi a kan wata al'umma ba lallai ne ya dace da su ba. A shekarar 1993 majalisar Amurka ta wajabta sanya mata da ƙananan ƙabilu cikin binciken da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa ke ɗaukar nauyinsa. Duk da haka, yawansu a gwaje-gwajen bai kai yawansu a ƙasar ba.

4.0 Ƙi Suke Yi ko Ba a Tambayarsu?

An daɗe ana ɗauka cewa ƙin yarda ne ya jawo wannan giɓi. Amma a shekarar 2006 David Wendler da abokan aikinsa sun tattara nazarce-nazarce 20 da suka ƙunshi mutum fiye da 70,000, suka tarar cewa bambancin amincewa tsakanin ƙabilu ƙanƙane ne. Idan an gayyaci 'yan Latin Amurka sukan amsa kamar kowa. Ashe matsalar tana wajen gayyatar da kuma abubuwan da ke tattare da ita, kamar haka:

(a) Harshe: Dokar Amurka ta ce a yi wa mai shiga bincike bayani cikin harshen da yake ji. Sai dai fassara takardar amincewa da ɗaukar tafinta na cin kuɗi da lokaci, don haka wasu masu bincike kan taƙaita gwajinsu ga masu jin Ingilishi.

(b) Hali: Rashin inshorar lafiya, da nisan manyan asibitoci, da aikin da ba a ba da hutu, da renon yara.

(c) Tarihi: A shekarar 1956 an gwada ƙwayar hana haihuwa a kan matan Fuwato Riko ba tare da cikakken bayani ba. A 1975 kuma mata goma 'yan asalin Meziko suka kai ƙara a Los Anjeles cewa an tsayar musu da haihuwa, wasunsu bayan an sa su sa hannu a takardun Ingilishi suna tsakiyar naƙuda. Sun faɗi shari'ar a 1978, amma ta sa aka fara samar da irin waɗannan takardu cikin Sifaniyanci a jihar Kalifoniya.

5.0 Matsalar Fassara

Ko an yi fassarar, da sauran rina a kaba. Kalmar Sifaniyanci ensayo, wadda ake amfani da ita don gwajin magani, tana kuma nufin maƙala ko atisayen wasan kwaikwayo. Kalmar experimento kuwa kan tuna wa mai sauraro conejillo de Indias, wato ɓeran Masar da ake gwaji a kansa. Batun ƙuri'a ma kan sa mara lafiya ta zaci caca ake yi da ranta, alhali galibi ba a barin mara lafiya babu magani. Wannan ya sa ake amfani da promotoras, wato matan unguwa da aka horar kan kiwon lafiya, domin su yi bayani da kalmomin yau da kullum, a gaban miji da 'ya'ya in ta so, tun da irin wannan shawara takan zama ta iyali.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa ƙarancin matan Latina a gwajin magani ya fi alaƙa da rashin gayyata da rashin bayani fiye da ƙin yarda. Sa hannu a takarda ba ya zama amincewa sai mai hannun ta fahimci abin da ke ciki. Wannan nauyi ne a wuyan mai fassara da tafinta a kowane harshe, har da Hausa.

7.0 Auna Fahimta

1. Kawo abubuwa uku da ke rage shigar matan Latina cikin gwajin magani.
2. Me nazarin 2006 ya nuna game da amincewarsu?
3. Kwatanta conejillo de Indias da “zakaran gwajin dafi” ta fuskar ma'ana.
4. Rubuta jimloli biyar na Hausa mai sauƙi da za a bayyana wa mara lafiya rabo ta hanyar ƙuri'a, ba tare da an tsorata ta ba.