Darasi na 9: Kula da Sarƙar Babur ɗin Ƙungiya

Manufar darasi: kowace mamba ta san yadda ake wanke sarƙar babur da yadda ake sa mata mai, domin ta iya bin diddigin dukiyar ƙungiya.

'Yan'uwa, tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi a shekarar 1991, mata ke tara ɗan abin da suka samu har ya zama jari. Yau wasu ƙungiyoyi kan sayi babur su ba wani yaro amintacce ya riƙa ɗauko tumatir da albasa daga wajen Gezawa zuwa kasuwar Yankaba, ya biyo ta Dakata da Kawaji yana sauke wa masu saye. To, babur ɗin nan kuɗinku ne. Abin da ke saurin cin kuɗin nan a ɓoye kuwa shi ne sarƙa, wadda makanikai ke kira cen.

Me ke lalata sarƙa?

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa da taɓo kan wanke man da ke jikinta, sai tsatsa ta kama. Da hunturu kuma ƙura ce ke manne wa man, ta koma kamar yashi tana cin ƙarfe. Busasshiyar sarƙa tana cinye haƙoran da take hawa a kai, tana sa babur shan fetur. In ta tsinke ko ta zame ana cikin tafiya, tana iya kayar da direba da kayan duka.

Kayan aiki

Kananzir kaɗan, tsohon buroshin haƙori, tsumma, tsohon kwano, da man sarƙa ko man giya mai lamba 90.

Yadda ake yi

1. A kashe babur, a zare makulli. Kada a taɓa sarƙa injin yana aiki, don a nan ne mutane ke rasa yatsu.
2. A ɗaga shi kan ƙafarsa ta tsakiya yadda tayar baya za ta juya. In yana da murfin sarƙa, a kwance shi.
3. A ajiye kwano a ƙasa. A riƙa tsoma buroshi a kananzir ana goga sarƙar, ana juya taya da hannu a hankali. Inda tsatsa ta yi yawa, a bar shi ya jiƙa na minti 10, a sake gogawa. Ban da fetur: yana saurin kama wuta.
4. A goge da tsumma, a bari ta bushe sarai.
5. A ɗiga mai ta cikin sarƙar, gaɓa bayan gaɓa, har ta zagayo. A dakata kaɗan, sannan a goge rarar, domin man da ya yi yawa ƙura yake tarawa.
6. A danna tsakiyar sarƙar ta ƙasa da yatsa. Ta yi motsi sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3, wato faɗin yatsu biyu. In ta fi haka saki, ko ta ɗaure tam, a kai wa makaniki ya daidaita.

Da yawa kan ce baƙin mai ya isa tunda kyauta ne. Ai man da aka juye daga inji ɗauke yake da datti da garin ƙarfe, ga shi ba ya daɗewa a jikin sarƙa.

Yaushe ake yi?

Bayan kowace tafiyar kilomita 500, da kuma duk ranar da babur ya sha ruwa ko taɓo. Ga babur mai fita kullum, sau ɗaya a mako ya dace.

Yaushe wanki ba zai wadatar ba?

In wata gaɓa ta ƙage ta ƙi lanƙwasa bayan an wanke, ko haƙoran sun yi tsini sun karkata, lokacin canji ya yi. A canza sarƙa da haƙoran gaba da na baya tare. Tsofaffin haƙora za su cinye sabuwar sarƙa nan da nan.

Aikin ƙungiya

Ba dole sai kun yi da hannunku ba, amma ku sa ido. Ku zaɓi mamba ɗaya ta duba sarƙar kowace ranar zubi kafin a karɓi kuɗin da direba ya kawo. Ma'aji ta ware wani abu daga kuɗin don mai da gyara, magatakarda ta rubuta ranar da aka sa mai. Ragowar kananzir kuma kada a zuba shi a robar lemo, yara kan ɗauka ruwa ne su sha. A rufe shi, a ajiye nesa da murhu.

Tambayoyin tattaunawa

1. Nawa ake sayar da sarƙa da haƙoranta a kasuwarku yanzu? Zubin mako nawa ke nan?
2. In sarƙa ta lalace saboda sakaci, wa zai biya, direba ko ƙungiya? Ku yanke shawara yau, ku rubuta a dokokinku.