Tarihin Gadar Riyalto ta Birnin Benis

Benis birni ne a ƙasar Italiya wanda aka gina bisa ƙananan tsibirai. Hanyoyin ruwa su ne manyan titunansa, kwale-kwale kuwa shi ne abin hawan mutanensa. Babbar hanyar ruwan ta raba birnin biyu, ga kuma kasuwar Riyalto a gefe guda, saboda haka tilas ne a sami wurin ƙetarewa.

Da fari jiragen ruwa aka jera, aka shimfiɗa katako a kansu. A 1255 aka yi gada ta itace, amma ba ta yi ƙarko ba. A 1310 wuta ta ci wani sashenta lokacin tawaye. A 1444 ta rushe saboda nauyin 'yan kallo, a 1524 ta sāke rushewa. Da hukuma ta ga gyara ya ƙi ƙarewa, sai ta yanke shawarar ginawa da dutse.

Aka ba Antonio da Ponte aikin. Ya fara a 1588, ya gama a 1591. Baka guda ya ɗaura daga wannan gaɓa zuwa waccan, irin bakan gizon da maginan ƙasar Hausa ke ɗaurawa a soron sarki. Faɗin bakan ya kai wajen ƙafa 90, jirage suna wucewa ta ƙarƙashinsa. To, shi baka, duwatsunsa juna suke tokarewa, nauyin duka ya sauka a gindinsa biyu. Ƙasar wurin kuwa laka ce, don haka aka kakkafa turakun itace wajen 12,000 kafin a aza dutse. Wani gwanin gini, Vincenzo Scamozzi, ya ce za ta faɗi, amma ga ta tsaye har yau. Ita kaɗai ce gada bisa babbar hanyar ruwan har 1854.

Tun zamanin gadar itace aka jera kantuna a kanta, kuɗin hayarsu na shiga baitulmali, yana taimakawa wajen gyara. Ta dutsen ma da kantunanta aka gina ta, an kuma gama yi mata babban gyara a 2016.

Ya kamata hakimai da malamansu su lura da abu biyu in za a yi gada ko kwalbati a gundumarsu. Na farko, a duba ƙasar da za a sa harsashi kafin a fara gini. Na biyu, a san inda kuɗin gyara zai fito tun kafin damina ta yi ɓarna.