Yaushe Ya Kamata A Yi Wa Tsohon Injin Jirgin Ruwa Juye?

Masu jiragen ruwan da ke aiki da tsohon injin dizal sun kasu gida biyu a kan maganar juye. Akwai wanda da zarar ya zaro sandar awo ya ga mai ya yi baƙi ƙirin, sai ya ce a zubar a zuba sabo. Akwai kuma wanda muddin inji yana tashi, yana kuma ƙara masa lita ɗaya duk mako, to a wurinsa magana ta ƙare. Na farko kuɗinsa yake zubarwa, na biyu injinsa yake kashewa a hankali. Dukansu da ido suke yanke hukunci, alhali abin da ke lalata mai a injin dizal yawanci ba ya ganuwa.

Ba ina magana ne a kan ƙananan injunan fetur da ake rataya wa a bayan kwale-kwale ba, waɗanda ake gauraya musu mai da fetur. Waɗannan ba su da juye. Ina nufin injin da ke zaune a cikin jirgi, irin su Perkins da Lister da Yanmar da Volvo Penta, da injunan Caina masu fistin ɗaya da masu haƙar yashi ke amfani da su, har da injin babbar mota da aka cire aka ɗora wa jirgi.

Mu fara kawar da maganar baƙi. Injin dizal yana haifar da kunkunniya, kuma wani ɓangare nata yana sulalewa ta gefen ringi ya faɗa cikin mai. An zuba wa man wasu sinadarai da aikinsu shi ne su riƙe wannan kunkunniya a warwatse, kada ta dunƙule ta toshe hanyoyin mai. Shi ya sa a tsohon inji za ka yi juye da safe, kafin la'asar man ya yi baƙi. Wannan baƙin shaida ce cewa man yana aikinsa. In da launi za a bi, da kullum sai an yi juye.

Abin tsoron shi ne asid. A cikin dizal akwai sinadarin farar wuta, kuma idan ya ƙone ya haɗu da danshi, yana zama irin asid ɗin da ke cikin ruwan batir. Sabon mai yana zuwa da sinadarin da ke kashe kaifin wannan asid, amma ƙayyadadde ne, kullum raguwa yake. Masu gwajin mai suna auna shi da ma'aunin da ake kira TBN, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce idan ya sauko zuwa kusan rabin yadda yake a sabon mai, to man ya gama aiki. Daga nan asid zai fara cin metal da bangon silinda, ba ƙara, ba hayaƙi, har ranar da inji zai buga. Tsohon inji ya fi sabo saurin kaiwa wannan matsayi domin ringinsa ya ci, hayaƙi mai yawa yana ratsawa ƙasa. Ga kuma wata matsala ta jirgin ruwa kaɗai: injunan da ke jan ruwan kogi ko na teku kai tsaye su sanyaya jikinsu ba sa yin zafi sosai, wasu ba sa wuce digiri 60, saboda haka danshin da ya shiga mai ba ya samun zafin da zai kore shi.

To da me za a auna? Da awannin aiki. Littattafan yawancin ƙananan injunan ruwa suna ba da tsakanin awa 100 zuwa 250, ko sau ɗaya a shekara, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ya saba da mota zai ga kamar awa 100 ba wani abu ba ne. Sai dai motar da ta yi awa 100 tana gudun kilomita 60 a awa ta ci kilomita 6,000, kuma ita mota tana samun gangara, tana tsayawa, tana hutawa. Injin jirgi kuwa kamar motar da ta ɗauko kaya take hawan tudun da ba shi da ƙarshe ne, domin farfela ba ta daina tura ruwa ko na daƙiƙa ɗaya.

Kuma adadin da ke cikin littafi an rubuta shi ne domin lafiyayyen inji mai shan tsabtataccen dizal. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun 2009 dizal ɗin mota ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan na farar wuta. A Afirka ta Yamma an daɗe ana sayar da mai ɗauke da dubbai, sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Amma mai jirgin da ke sayen dizal a jarka a bakin ruwa, a Yawuri ko Baga ko Lakwaja, ba shi da hanyar sanin abin da aka zuba masa. Kamfanin Deutz ya rubuta ƙarara cewa idan farar wutar da ke cikin dizal ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari, a raba tsawon lokacin juye biyu. Haɗa da ƙurar hunturu, domin da yawa daga cikin injunan ruwa ba su da matatar iska ta kirki, masu ƙera su sun ɗauka babu ƙura a kan ruwa. Haɗa kuma da al'adar barin inji yana gurnani a mashiga ana jiran fasinja ko ana lodin kaya. Wannan zaman banzan ya fi tafiya lalata mai, domin inji yana sanyi, dizal ba ya ƙonewa duka, ragowarsa tana wanke bangon silinda tana gangarawa ƙasa. A ganina, tsohon injin da ke aiki a irin wannan hali kada ya wuce awa 100, ko da littafinsa ya ce 200.

Na san da yawan jirage ba su da agogon ƙirga awanni, ko ya mutu tun tuni. Ba ya da tsada, kuma makaniken waya zai haɗa maka shi cikin ɗan lokaci. Kafin nan, ƙirga jarkoki. Auna litar da injinka ke sha a awa ɗaya ta tafiyar yau da kullum. Idan lita 3 ce, to awa 100 ta zama lita 300, wato jarka 12 mai cin lita 25. Duk jarkar da aka juye a tanki a ja layi ɗaya a jikin katako kusa da inji. Wannan lissafin ma yana da wani amfani, domin ranar da inji ya sha wahala ya fi shan dizal, sai juye ya matso kusa da kansa.

Jirgin da ba ya yawan fita shi ma ba a bar shi ba. Ko awa 30 kacal ya yi, shekara ta zagayo a yi juye. Sannan idan za ka ajiye jirgi na wasu watanni, ko don ruwa ya janye da rani ko don wani dalili, yi juyen kafin ajiyewa, ba ranar da za ka dawo aiki ba. Mutane da yawa suna yin akasin haka, suna ganin asara ce sabon mai ya zauna ba aiki. Amma tsohon mai da asid ɗinsa zai kwanta a kan metal duk tsawon watannin. Masu jiragen Turai da Amurka, da sanyi ke tilasta musu fitar da jirgi daga ruwa duk shekara, juye ne cikin ayyukansu na ƙarshe kafin rufe inji.

Akwai alamomin da idan sun bayyana, ba a duba lissafin awanni kuma. Babba a cikinsu shi ne man da ke ƙaruwa da kansa. Inji ba ya haihuwar mai. Idan ka ga ya haura alamar da ka bar shi jiya, shinshina sandar, ka murza ɗigo tsakanin yatsu. In ya tsinke yana warin dizal, to dizal na zuba ciki, galibi ta robar ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki, ko ta nozul mai yoyo, ko ta sil ɗin babban famfo. Wannan ba abin da za a ce bari mu kai gobe ba ne. Tsinkakken mai ba ya kare metal, kuma idan ya cika ya yi yawa inji yana iya fara shan man cikinsa, ya kwasa da gudu, ka kashe makulli ya ƙi mutuwa. A irin wannan hali toshe masa hanyar iska da katako ne mafita, ba da tafin hannu ba.

Sai ruwa. Man da ruwa ya shiga yana komawa fari-fari, mai kauri, wani lokaci da kumfa a ƙarƙashin murfin zuba mai. Idan kana shakka, ɗiga kaɗan a kan ƙarfe mai zafi: lafiyayyen mai hayaƙi kawai zai yi, mai ruwa kuwa zai yi ta tartsatsi. Ruwan na iya shiga ta gaskit ɗin kan inji, ko ta na'urar sanyaya mai, ko ta sil ɗin famfon ruwa, ko ya biyo salansa ya dawo idan an daɗe ana murza inji bai tashi ba. A gyara ɓarakar tukuna, sannan a yi juye sau biyu ko uku a jere, ana ɗan kunna inji a tsakani, har man ya washe. Haka kuma duk injin da ya ɗauki mugun zafi, misali ciyawar ruwa ko leda ta toshe masa mashigar ruwa, a sauya masa mai ko jiya aka zuba. In kuwa ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe a cikin man, juye ba zai yi magani ba, makanike ake nema.

Ga wani gwaji da ba ya cin ko kwabo. Bayan inji ya yi zafi, ɗiga ɗigo ɗaya daga sandar awo a kan farar takarda mai kauri, ka ajiye ta a kwance har washegari. Idan baƙin ya bazu sumul yana dusashewa zuwa gefe, man yana da sauran ƙarfi. Idan ya dunƙule a tsakiya da kaifin iyaka, sinadaran da ke riƙe kunkunniya sun gaji. Faffaɗan zobe mai haske a can waje yana iya nuna dizal. Takarda ɗaya ba ta faɗin komai sosai. Amfanin yana fitowa ne idan kana yi duk bayan awa 25 kana rubuta kwanan wata, kana jera su. Amma takarda ba ta ganin asid, don haka tana iya sa ka gaggauta juye, ba ta da ikon sa ka jinkirta shi. Mai jirage da yawa ko babban inji, ya fi masa ya aika samfur ɗakin gwaji.

Mai cewa ƙari ya wadatar kuma, ya sani cewa abin da inji ke ƙonewa mai ne, dattin yana nan a ƙasa yana taruwa. Ƙarin yana ɗan farfaɗo da man, ba ya fitar da komai.

Wajen saye, duba bayan galan ka nemi alamar API da ta fara da harafin C, domin S ta injin fetur ce. Tsofaffin littattafai suna cewa CC ko CD, waɗanda an daina yi. CH-4 ko CI-4 mai kaurin 15W-40 yana yi wa yawancinsu daidai. Banda tsofaffin Detroit Diesel masu bugu biyu, irin jerin 71, waɗanda SAE 40 zalla suke so. Kuma a guji man awo na bakin titi da ba a san asalinsa ba. Araha ba ta ado.

Ranar juye, bari inji ya yi zafi tukuna domin dattin ya tashi ya bi man. A jirgi sau da yawa hannu ba ya kaiwa ga noti na ƙasa, sai dai a zuƙo da famfon hannu ta ramin sandar awo. Auna abin da ka fitar. Idan injin lita 5 yake ci ka samu 3, bututunka bai kai ƙasa ba, kuma mafi munin dattin ne ka bari. Sauya filta duk juye, shafa wa robarta mai, ɗaure da hannu. Kunna inji, duba yoyo, kashe, jira mintuna kaɗan, sake aunawa. Tsohon man a zuba a jarka a fita da shi tudu; kogin da ka zuba shi a ciki, daga nan ake kamo kifin da za ka ci. Kada kuma a manta giya tana da nata man daban.

Saboda haka, mai tsohon inji, riƙe wannan: awa 100 ko shekara ɗaya, duk wanda ya riga, da juye kafin doguwar ajiya. Sandar awo kuma a zaro ta kowace safiya kafin a tayar da inji, a duba tsayin man, a shinshina.