Gaɓar kwatangwalo: mu san aikinta, mu kiyaye ta

Manomin Dakusa da ke duƙe a gonar hatsi, da matar da ke jan guga a rijiya, da tsohon da ke tashi daga sujada, duk gaɓa ɗaya suke mora: gaɓar kwatangwalo, inda ƙashin cinya ya haɗu da ƙashin ƙugu.

Yadda take

Kan ƙashin cinya a dunƙule yake kamar ƙwallon goruba. Yana zaune cikin wani rami mai kamar ƙoƙo. Guringuntsi mai santsi ya lulluɓe su, don kada ƙashi ya goga ƙashi. A lokacin tafiya, nauyin da ke sauka kan gaɓar ya kusa ninka nauyin jiki sau 3.

Motsinta iri 6 ne: ɗaga cinya gaba, mai da ita baya, buɗe ƙafa, haɗe ƙafa, juya ta ciki, juya ta waje.

Tsokoki ne ke wannan aiki. Ta gaba, wadda ta taso daga ƙashin baya, ita ke ɗaga cinya. Babbar tsokar ɗuwawu ke miƙe mutum daga tsugune. Na gefe ke hana ƙugu karkata idan an tsaya kan ƙafa ɗaya. Na cikin cinya ke haɗe ƙafafu.

Motsa jiki

Mai wuni duƙe ko zaune, tsokar gaba takan ɗaure masa, ta ja masa kwankwaso. Ga abin yi safe da yamma, bisa tabarma:

1. Kwanta rigingine, ka jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, ka ƙirga 20, ka sake ƙafa.
2. Lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ƙugu sama sau 10.
3. Kwanta ta gefe, ka ɗaga ƙafar sama a miƙe sau 10.

A yi a hankali. Idan zafi ya soka, a tsaya.

Ciwon da ba a jira da shi

Ba kowane ciwon kwatangwalo ne gajiya ko sanyi ba.

Na farko, ciwon emasi, wato sikila. Jinin mai emasi yakan toshe ƙananan hanyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya. Ƙashin sai ya mutu sannu a hankali, ya lotse. Alamarsa ɗingishi da zafi a matsematsi. Wani yaron ma gwiwa zai nuna, alhali ciwon yana sama. Gadonsa ake yi: idan uwa da uba duka suna ɗauke da irin, kowane ciki yana da haɗari 1 cikin 4. Shi ya sa awon jini kafin aure yake da muhimmanci.

Na biyu, yaro mai zazzaɓi da ya ƙi taka ƙafa. Mai yiwuwa mugunya ce ta taru cikin gaɓar, kuma tana iya cinye guringuntsi cikin ƴan kwanaki. A kai shi likita ran nan.

Na uku, tsoho ko tsohuwa da suka faɗi, ƙafar ta gajarta, tafin ya juya waje. Karaya ce. Tana can ciki, inda karan ɗori ba ya kaiwa. A ɗauke su kwance zuwa likita mafi kusa, a tura su babban asibitin Damagaram don hoton ƙashi.

Na huɗu, allura. Babbar jijiyar ƙafa ta ratsa ta ɗuwawu. Allurar da ta taɓa ta tana iya shanye ƙafar yaro. Kada a yarda mai tallar magani a kasuwa ya yi wa kowa allura.

Akwai kuma zaizayewar guringuntsi da ke zuwa da shekaru. Mai ita ya ci gaba da tafiya kaɗan-kaɗan, ya riƙe sanda a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya.

Ƴan'uwa, lafiya uwar jiki. Ɗingishin da ya wuce mako ɗaya, a kai shi likita tun kafin ya hana noma.

Tambayoyi

1. Motsi iri nawa gaɓar kwatangwalo ke yi?
2. Me ya sa yaro mai emasi ke ɗingishi?
3. A wane hannu mai ciwo zai riƙe sanda?