Ba Ƙurar Ƙasar Nan Ce Ke Kashe Injin Wanke Daɓe Ba

Akwai maganar da na gaji da ji a bakin masu ɗakunan biki, masu asibitocin kuɗi da manajojin manyan shaguna, wai injin wanke daɓe ba ya ƙarko a ƙasar nan, don an ƙera shi ne saboda ƙasar Turawa inda babu ƙura. Duk wanda injinsa ya kwanta cikin wata shida, da wannan yake yi wa kansa ta'aziyya. Ni da sana'ata ke nan, kwance injinan nan da ɗaura su, ban taɓa buɗe wanda ƙurar hunturu ta kashe ita kaɗai ba. Abin da nake tararwa bai wuce uku ba: an sayo injin da bai dace da wurin ba, ko an ɗura masa abin da ba a ɗura masa, ko an bar batirinsa ya mutu a sito.

Kwanakin baya wani Alhaji mai ɗakin biki ya aiko a kira ni. Na tarar da inji sabo fil an lulluɓe shi da tamfol a bayan gini, irin wanda ake hawa a tuƙa. Ya ce, "Malam, duba min abin nan, tun da aka kawo shi bai yi aikin sati biyu ba." Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara arziki, wa ya auna ɗakin kafin a sayo?" Ya ce ai ɗakin babba ne, kowa ya sani. Da hira ta yi nisa sai na gano bakin zaren: a Harami ya ga irinsa lokacin da ya je Umara, ana jera su suna wanke farfajiyar ɗawafi cikin ɗan lokaci, abin ya shiga ransa. To, Harami fili ne shimfiɗaɗɗe na marmara, da ma'aikatan da aikinsu ke nan dare da rana. Ɗakin Alhaji kuwa, da muka sa tef, bai kai murabba'in mita 600 ba, ga ginshiƙai a tsakiya, ga matakala uku a bakin ƙofa, sai ƙarti sun taru kafin a cicciɓa injin a shigar da shi. Injin lafiyarsa ƙalau. Yaran da ke aiki a ɗakin ne suka gaji da dakonsa suka koma wa mofa da bokiti, kuma ban ga laifinsu ba.

Saboda haka kafin ka tambayi farashi, ɗauki tef. Auna wurin da za a wanke na gaskiya, ban da inda kantoci, gadaje da kujerun dindindin suka cinye. Auna ƙofar da ta fi ƙanƙanta da lungun da ya fi matsi. In akwai bene babu lifta, ka sani injin turawa mai batir ya haura kilo 100, ba wanda zai riƙa hawa da shi sama kullum.

Injinan ba iri ɗaya ba ne, kuma ba zan tsaya dogon bayani a kansu ba. Akwai mai faifai ɗaya, wanda faɗinsa yawanci inci 17 ne, yana juyawa kamar sau 150 zuwa 175 a minti. Yana gurza daɓe sosai amma ba ya kwashe ruwa, sai an bi bayansa da injin zuƙa ko mofa. Akwai mai wanki da tsanewa, mai tanki biyu: ɗaya na ruwa mai tsabta, ɗaya na dauɗa. Yana sakin ruwa, buroshi ya gurza, robar baya ta tattara, injin zuƙa ya ɗauke, mutum ya taka wurin nan take. Shi ne ake samu na turawa da na hawa. Sai mai sheƙi, wanda ke gudun sau 1,500 a minti ko fiye, aikinsa fito da ƙyalli kawai, ba ya wanki. Akwai kuma na shara zalla. A ganina, ƙaramin asibiti ko ɗakin da bai wuce murabba'in mita 500 ba, mai faifai ɗaya da injin zuƙa sun wadatar, kuma kusan kowane mai gyaran lantarki zai iya taɓa su. Daga nan zuwa dubu biyu ko uku, na turawa. Na hawa kuwa sai fili ya kai dubbai, buɗaɗɗe, kamar babban sito ko tashar jirgin sama.

Kada lambar da ke cikin takardar talla ta ruɗe ka. In an rubuta cewa inji na wanke murabba'in mita 2,000 a awa, lissafin allo ne: faɗin rabin mita, tafiyar kilomita 4 a awa, a miƙe, ba juyawa, ba tsayawa. A wurin aiki akwai kwana, akwai zubar da tanki da sake cika shi, akwai kauce wa jama'a. Ni rabi nake ɗauka in yi lissafina da shi, kuma ban cika jin kunya ba.

Sannan ka san irin daɓenka. Tayil mai zanen tsakani ya fi son buroshi, don soson faifai ba ya shiga ramin. Daɓe mai santsi kamar tarazo da marmara ya fi son soso, kuma launin soson ba ado ba ne: fari na sheƙi, ja na wankin yau da kullum, kore na gurza, baƙi na kankare tsohon man daɓe. Na ga inda aka sa baƙi a kan marmara saboda shi ne a hannu, wurin ya dushe kamar an bi shi da yashi. Haka ruwan asid ɗin nan da ake wanke ban-ɗaki da shi: marmara da tarazo dutsen farar ƙasa ne a cikinsu, asid cinye su yake yi, kuma ba injin wanki da zai dawo da fuskarsu.

Masu sha'awar ɗan Kwatano, ban hana ba, akwai nagari. Amma a karanta ƙaramin allon ƙarfen da ke jikin injin. Wutarmu 230 ce, mai bugu 50. Wanda aka ƙera don kasuwar Amurka na 120 ne, mai bugu 60. Taransifoma za ta rage ƙarfin wutar amma ba ta canza bugun, sai ka ga inji na tafiya a hankali yana ɗaukar zafi. Wanda ya fito daga Turai bai da wannan matsalar. In mai batir ne, duba cajarsa, kuma ka ɗauka batirin da ke ciki ya gama yayi, ka sa kuɗin sabo a cikin ciniki.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma zan nanata shi ko da za a ce na cika mita. Kada a zuba Omo a injin nan. Kada a zuba sabulun wanke-wanke, kada a zuba sabulun ruwan da ake haɗawa a gida a sayar a jarka. Mun saba da cewa in babu kumfa wanki bai yi ba, to a nan kumfa ita ce ajali. A cikin tankin dauɗa akwai ƴar ƙwallo da ke tasowa in ruwa ya cika, ta toshe hanyar iska don kada ruwa ya kai ga injin zuƙa. Kumfa ba ta da nauyin da za ta ɗaga ƙwallon nan. Sai ta bi ta gefenta, injin ya shaƙe ta da dattinta da danshinta. Yau kaɗan, gobe kaɗan, ƙararsa ta canza, wata rana a ji ƙauri. In na buɗe irin wannan nakan tarar da tsatsa da wani farin busasshen abu manne a fankar, in goga a yatsa in shinshina, ƙamshin sabulun wanki ne. Sai a ce min ƙura ce. Wace irin ƙura ce ke ƙamshin lemon tsami?

Abin da ake zubawa shi ne ruwan wanke daɓe marar kumfa wanda aka yi don inji, matsakaici, ba asid ba, ba mai kaifin soda ba, kuma da awo kamar yadda aka rubuta a jikin galan. Wanda ya ninka awon don wuri ya fi fita, daɓen zai riƙa danƙo yana kama datti fiye da da. Ka tambayi kuɗin galan ɗin da inda ake samunsa tun kafin ka biya kuɗin inji. Maigidan da ya sayi injin miliyoyi ya kuma ƙi sakin kuɗin ruwan wanki, shi ya aiki yaro shagon Omo da kansa.

Ita ƙurar da ake ɗora wa laifi, maganinta tsintsiya. Injin wanki ba na shara ba ne. A share yashi, ledar ruwa da tsinken tsire tukuna, in ba haka ba yashi zai cinye robar baya ya kuma karce daɓen, leda ta toshe bututu. In an tashi aiki a zubar da tankin dauɗa, a ɗauraye, a bar murfin a buɗe ya sha iska, a goge robar, a ɗage buroshi daga ƙasa. Minti goma ne. Tankin da ya kwana da ruwan datti cikin zafin bazara, wanda ya buɗe shi da safe ba zai so karin kumallo ba.

Mai waya ko mai batir? Mai waya ya fi araha, ba ya gajiya, amma yana bukatar wuta a daidai lokacin aiki, kuma jan waya a barandar asibiti inda marasa lafiya ke wucewa haɗari ne. Mai batir yana ba ka awa biyu zuwa uku, sannan ya nemi cajin kusan dare guda ba yankewa. Ka tambayi kanka gaskiya ko kana da wannan wutar. Yawancinsu batir biyu ne masu 12, a haɗa su ba da 24, kuma ba batirin mota ba ne, iri ne da aka yi don a ja shi a hankali na tsawon lokaci. Wanda ya sa na mota don sauƙi zai sake saye kafin shekara ta zagayo. Batirin ruwa yana son a riƙa duba shi ana ƙara masa ruwan batir, ba na rijiya ba, kuma in aka bar shi babu caji makonni ya tafi ke nan. Na litiyam ya fi jure cajin guntu-guntu irin na wutarmu, sai dai kuɗinsa.

Game da suna, Kärcher da Hako na Jamus, Nilfisk na Denmak, Tennant na Amurka, duk sanannu ne, kuma akwai na Sin masu sauƙin kuɗi da ke aiki daidai gwargwado. Amma sunan ba shi ke wanke daɓe ba ranar da roba ta cinye. Robar baya, buroshi, soso, bututu da injin zuƙa kayan ƙarewa ne kamar tayar mota. Ka ce wa dillali ya ɗauko maka su ka gani da idonka a shagonsa. In ya ce za a yi oda daga waje, ka san injinka zai yi watanni a kwance saboda robar da ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba.

A nan ma'aikatu suka fi ba ni haushi. Kwamiti zai zauna a ofis mai sanyi ya amince da sayen inji, ɗan kwangila ya kawo wanda ribarsa ta fi tsoka, a ɗauki hoto, a yanka kintinkiri. Ba wanda ya tambayi Baba mai shara da ya shekara ashirin yana goge barandar nan ina ruwa ke taruwa, ina keken marasa lafiya ke maƙalewa. Ba a ware ko sisi don kayan gyara ba, ba a koya wa kowa ba, littafin injin yana cikin durowar wani da aka yi wa canjin wurin aiki. Wani wurin ma kulle shi ake yi don kada kilina ya lalata, sai ranar da manyan baƙi za su zo, a fito da shi a tarar batir ya daɗe da mutuwa.

Don Allah, kafin ka sa hannu a cek, ka sa dillali ya kawo injin wurinka, a gwada shi a kan daɓenka, a lungun da ya fi datti, kuma wanda zai riƙa aiki da shi ya riƙe shi da hannunsa. Dillalin da ya ƙi wannan, bar masa kayansa.